Kofi Biyu a Yini, In Ji Likita

Yau zancen gahawa na zo muku da shi, watau abin nan da yawancinmu muka fi sani da sunan kofi. Ni dai na fi son in ce gahawa, kalmar da muka aro daga Larabci, domin kada in rikita ku, tun da yake a Hausa mazubin ma sunansa kofi. In na ce muku na sha kofin kofi, sai wani ya zaci in'ina nake yi.

Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne, yau shekara shida ke nan da likita ya yanka mini ƙa'ida: kofi biyu a yini, kuma kada in kusance ta in azahar ta wuce. Ran da ya faɗi haka na fito daga asibiti jikina a sanyaye, kamar wanda aka raba da aminin ƙuruciya. Amma yanzu da na waiwaya, sai na ga ashe duk shekarun da suka gabaci wannan rana haɗiyar gahawa kawai nake yi, ban san ɗanɗanonta ba.

Na fara ta ne a Ikko ina saurayi, sa'ad da na sami aiki a wata maɗaba'a inda ake kwana ana bugu. Aikina shi ne duba kurakurai a shafi kafin a ɗora shi kan inji, aikin da ba ya son ido mai gyangyaɗi. Akwai wani mai shayi, mutumin ƙasar Nijar, da yakan kafa teburinsa daura da ƙofarmu, ga burodi jere, ga gwangwanayen madara, ga ƙatuwar buta a kan wuta. Shi ya dube ni wani dare ya ce, "Yallaɓai, shayi ba zai riƙe ka har asuba ba. Bari in sa maka Nescafé." Ya ɗebo garin da cokali, ya zuba ruwan zafi, ya tuttula madara da sukari, ya yi ta sheƙawa daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Daren nan idona bai ko ƙifta ba, na ce lalle na sami maganin aiki.

Daga kofi ɗaya aka koma biyu, daga cokali ɗaya aka koma biyu cike da tozo. Na bar aikin dare, na yi aure, na yi 'ya'ya, amma ban bar gwangwanin nan ba. Ya kai ga ina shan shida ko bakwai a yini, a tsaye, ina duba agogo. Sai gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili, zuciya tana bugawa kamar kalangu, hannu yana rawa in na riƙe alƙalami, barci kuwa ya ƙaurace mini. Da uwargida ta matsa na je asibiti, aka auna aka ce hawan jini ne ya fara leƙo ni.

Likitan mutumin kirki ne, bai tsaya ga rubuta magani kawai ba. Ya ce, "Malam, bari in gaya maka abin da kake yi wa kanka." Ya bayyana mini cewa a cikin gahawa akwai sinadarin da ake kira kafeyin. A ƙwaƙwalwar mutum kuma akwai wani, adinosin, wanda ke taruwa muddin mutum yana farke, shi ne ke sanar da jiki cewa ya gaji. Kafeyin ba ya kawar da gajiya, sai dai ya je ya zauna a kujerar wancan ya hana saƙon isa. Gajiyar tana nan a bakin ƙofa tana jira kamar mai bin bashi. Ya ce kuma sai an yi kamar awa biyar kafin rabin abin da aka sha ya bar jiki, don haka kofin la'asar yana nan tare da mutum har kan shimfiɗarsa. Ga baligi mai lafiya, masana sun tsai da miligiram 400 a yini, watau kusan kofi huɗu, mai juna biyu kuwa rabin haka. Ni da yake jinina ya fara hawa, sai aka haɗa ni da masu juna biyu.

To, wanda ke da naira dubu a aljihu ba ya duba abin da ya saya, amma mai kwabo biyu sai ya zaga kasuwa. Da na ga kofi biyu kaɗai suka rage mini, sai na fara tunanin wane iri ne ya cancanci in kashe rabona a kansa. A nan ne na tuna da kawuna, Allah ya jiƙansa.

Kawun nan nawa, wan mahaifiyata, yana cikin mutanen da suka tafi aikin hajji ta ƙasa, ta Barno da Cadi, suna tafe suna neman guzuri. Ya yada zango a Sudan ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin auduga a gonakin Jazira, kusa da Wad Madani, cikin 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani waɗanda wasunsu kakanninsu suka isa can tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Da ya komo gida, cikin ɗan abin da ya zo da shi har da wani ɗan tulu na yumɓu mai ƙaton ciki da dogon wuya, wanda ba ya iya zama da gindinsa sai an ɗora shi a kan gammo. Sunansa jabana, kuma da wannan suna mutanen Sudan ke kiran gahawar da ake sha daga cikinsa.

Duk sa'ad da na je gida hutu nakan tarad da shi a zaure da hantsi, ya hura gawayi, ya zuba ɗanyar ƙwayar gahawa a ɗan kasko yana juyawa. In ta soyu ya miƙa kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ya daka ta a ɗan turmi tare da citta, ya tafasa a gwangwani mai mariƙi, sa'an nan ya juye cikin jabana, ya cusa ɗan curin zaren kaba a bakinta don ya tare tsaki. Kafin a kai ga finjalin farko an ci rabin awa, kafin a tashi kuwa awa guda ta wuce. Wata rana na ce masa, "Kawu, duk wannan wahala don ɗan finjali uku? Ni a Ikko minti biyu na gama." Ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "To, ɗan nan, in ka gama a minti biyu, sauran lokacin ina kake kai shi?" Na yi dariya, ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita.

Zuwana na ƙarshe da na same shi da rai, na shiga yi masa sallama ne da jaka a hannu. Ya ce in zauna mu sha. Na ce mota za ta tashi ta bar ni, sai in na dawo da Salla. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ina fita na hangi kaskon, ashe ya riga ya soya ta mutum biyu. Motar kuwa sai da ta yi awa uku a tasha kafin ta cika. Bai kai Sallar ba. Da aka zo rabon kayansa ba wanda ya kula da tulun da ba ya zama da gindinsa, sai aka ba ni, na naɗe shi a tsumma na jefa ƙasan akwati, ya yi shekaru a can har ran da likita ya yi mini iyaka.

Koyon abin bai zo da sauƙi ba. Da fari samun ɗanyar ƙwayar ma aiki ne, sai da wani direba abokina da ke zuwa Gembu ya riƙa kawo mini ita daga tsaunin Mambila. Suyar farko na ƙone ta ƙurmus, gida ya turnuƙe har maƙwabta suka leƙo. Ta biyu na ji tsoro na sauke da wuri, ta fito da tsami kamar ɗanyen wake. Sannu a hankali na gane cewa kunne ke suyar gahawa tare da ido. A kan wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa, ƙwayar takan tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, sa'an nan ruwan ƙasa, can wajen minti goma sai a ji tana fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru. Daga nan kowane minti yana da hukuncinsa. Wanda ya sauke nan da nan zai sami mai ɗan tsami da ƙamshin 'ya'yan itace, wanda ya jinkirta har ta yi baƙi tana naso da mai zai sami mai ɗaci da nauyi. Ni nakan ƙara minti biyu bayan fashewar, in juye a faifai in fifita ta huce, in bushe ƙaiƙayin, in zuba a kwalba mai murfi in ajiye inda rana ba ta kaiwa.

Daka ma sai da ta jawo rigima. Turmin uwargida na fara ara, sai gahawata ta fito da ƙanshin daddawa da zafin barkono, miyarta kuma ta fito da ɗacin gahawa. Ta ce, "Malam, ko dai ka sayi turminka, ko kuwa ka shirya cin miyar kuka irin ta Sudan." Washegari na sayo ɗan turmina. Na kuma koyi cewa ba a daka sai abin da za a sha a lokacin, domin da zarar an fasa ƙwayar ƙamshin ya fara gudu, garin da ya kwana a buɗe kuwa ɗaci kaɗai ke saura a cikinsa.

Ga mai son gwadawa, ma'aunin da masu sana'ar suka fi yarda da shi shi ne giram 60 na gari ga lita ɗaya ta ruwa, watau kimanin babban cokali biyu ga kofi guda. A jabana nakan haɗa garin da ɗan gutsuren citta, in bar shi ya taso, in ɗauke daga wuta, in mayar, har sau uku, sa'an nan in bar shi ya kwanta minti biyu kafin in tace. Akwai kuma hanyoyin da suka fi wannan sauri. Akwai tacewa da takarda, dabarar da wata matar aure Bajamushiya, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro a birnin Dresden a 1908, da ta gaji da tsaki a kofinta, ta huda gindin wata 'yar tukunya ta shimfiɗa takardar shanye tawada daga littafin ɗanta. A wannan hanya ba a son ruwa mai tafarfasa. A sauke buta a jira kamar rabin minti, zafin ya sauko tsakanin digiri 90 da 96, sa'an nan a zuba kaɗan-kaɗan. Akwai kuma 'yar butar Italiya mai kusurwa takwas, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, inda tururi ke tura ruwa daga ƙasa ya ratsa garin ya hau sama, ta fito da kauri da ƙarfi. Na gwada duka. Ranakun aiki takardar nake amfani da ita, domin ita ce ta fi fito da ainihin ɗanɗanon ƙwayar, ba madara, sukari rabin ƙaramin cokali.

Ban ce garin gwangwani abin banza ne ba, shi ma da tarihinsa. A shekarun 1930 gahawa ta yi wa ƙasar Birazil yawa har ta rasa masaya, aka nemi hanyar adana ta, sai aka fito da Nescafé a Suwizalan a 1938. Gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwan ya zama gari. Galibi da irin da ake kira robusta ake yinsa, wanda ya fi jure zafi da cuta, ya fi ɗaci, kuma kafeyin ɗinsa ya kusa ninka na ɗaya irin, watau arabika, mai son tudu da sanyi. Ya yi wa matafiyi da soja da mai aikin dare rana. Laifina ne da na mai da abin larura ya zama abin kullum.

Da sha'awar abin ta kama ni, sai na shiga bin labarin yadda sauran al'ummai ke shan tasu, na kuwa ga cewa kowace ƙasa halinta yana cikin kofinta. Asalin arabika dazuzzukan tuddan kudu maso yammacin Habasha ne, kuma Habashawa suna shanye kusan rabin abin da suke nomawa. A can mace ce ke soyawa a gaban baƙi, a ƙona turare, a kawo gugguru, a sha zagaye uku, na ƙarshen sunansa baraka, kuma tashi kafin a kai gare shi rashin ladabi ne. Daga can ta ƙetara Yaman, inda Sufaye a ƙarni na 15 suka riƙa shanta don su raya dare da zikiri. Ta isa Makka har wani gwamna ya hana ta a 1511, amma hanin bai daɗe ba. Aka buɗe gidajen shanta a Santambul wajen 1555, a Landan kuma a 1652.

Alhazanmu sun ga irin ta Saudiyya, wadda ake soyawa sama-sama ta fito ruwan ɗorawa, a sa mata ɗan ƙamshin nan da suke kira hel, ba sukari, sai dabino a gefe. Ana zuba kaɗan a gindin finjali, kuma mai zubawa ba zai daina ƙara maka ba sai ka girgiza finjalin. Turkawa suna niƙa tasu luƙwi kamar kwalli, ba sa tacewa, kuma in an je neman aure yarinyar ce ke dafa wa baƙi, wani lokaci ta zuba wa saurayin gishiri don a ga haƙurinsa. Mutumin Italiya yakan sha ɗan mitsitsin kofi mai ƙarfi a tsaye a bakin kanta ya wuce, mai madara kuwa da safe kawai yake shanta. Mutanen Finlan, masu dogon hunturu da duhu, suna cikin waɗanda suka fi kowa sha a duniya, kimanin kilo 12 ga kowane mutum a shekara, har hutun shan gahawa yana rubuce cikin yarjejeniyar ma'aikatansu da masu ɗaukarsu aiki. Ba'amurke kuwa yakan cika ƙaton kofin takarda ya shiga mota da shi. Da na karanta wannan na ƙarshen sai na ga kaina a da.

To, mu fa? A ganina dalilin da ya sa gahawa ba ta yi sarauta a ƙasar Hausa ba shi ne ta tarar an riga an naɗa wani a kujerarta. Goro yana ɗauke da kafeyin ɗin nan dai, kuma tun zamanin fataken Gwanja shi ke hana malami da ɗan kasuwa gyangyaɗi, shi ake miƙa wa baƙo, shi ake rabawa a ɗaurin aure da raɗin suna. Aikin da gahawa ke yi wa Balarabe da Bahabashe, goro ya daɗe yana yi mana, ba ya kuma bukatar wuta ko tukunya. Karin kumallo kuwa koko da kunu da shayi sun riƙe shi. Zaman hira a gaban wuta ma muna da irinsa a shayin Buzaye, wanda shi ma zagaye uku ne. Saboda haka gahawa ta shigo mana ta ƙofar baya, a gwangwani, a matsayin maganin barci na direbobi da ɗalibai da masu gadi, wasu ma har suna haɗa ta da ƙwayoyi suna cutar da kansu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da ƙasar nomanta. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya haura mita 1,500, yana da sanyi da ruwan da arabika ke so, robusta kuma tana yi a dazuzzukan kudu. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Badun, wadda aka kafa a 1964, gahawa da goro da ganyen shayi duk suna cikin aikinta, tana kuma da reshe a Kusuku a kan tsaunin. Amma yawancin garin da ke kan teburan masu shayinmu daga waje ake shigo da shi. Birazil ita kaɗai tana noma kusan sulusin gahawar duniya, Biyetnam tana biye da ita, kuma a watan Fabrairun 2025 farashin arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 kowace laba, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Direban nan abokina ya ce mini wasu tsofaffin gonakin da yake wucewa duk ciyawa ta cinye su, domin manomi ba ya wahala a kan abin da ba mai saye a kusa. Da ɗaya cikin goma na masu shan gari za su nemi ƙwayar gida, da wani manomi a can ya san da zamanmu.

Yanzu dai ga yadda nake kashe rabona. Kofin farko bayan sallar asuba, ni kaɗai, a zaune. Na biyu da hantsi. Ran Asabar kuwa jabana ke fitowa, in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in hura gawayi. Finjali uku nake sha, wanda a lissafina kofi ɗaya ne, ko da yake ban kai wa likita wannan lissafi ya duba ba. Ran farko wani dattijo maƙwabcina ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Malam, wannan ai maganin zazzaɓi ne." Na ce, "Baba, kai da ke cin goro goma a yini kake kukan ɗaci?" Yau shi ke riga kowa zuwa, shi ke kuma yi mini faɗa in na yi saurin sauke kasko. A kan tabarmar nan na fara jin cewa ɗansa ya yi shekara biyu ba aiki, alhali kuwa mun yi shekara goma sha biyar katangarmu ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu. A nan kuma wani da ke zaune ya ce ya san inda ake neman mai irin sana'ar yaron.

Jabanar ta tsage a wuya bara, na ɗaure ta da zare, ina lallaɓa ta. 'Yata ta ƙarshe ta iya suyar fiye da ni, ita ce ma ke jin fashewar ƙwayar tun kafin kunnena ya ji. Jinina ya daidaita da taimakon magani da rage gishiri da wannan ƙa'ida ta kofi biyu, barci kuma ya komo. Wanda duk yake jin faɗuwar gaba da rashin barci, kuma ya san yana yawaita gahawa ko goro, shawarata ya je a auna jininsa tun da wuri, kada ya jira irin matsin da aka yi mini. Tambayar kawuna kuwa har yanzu takan faɗo mini in na ga ƙwayar ta fara canza launi a kasko, nakan kuma soya ta mutum biyu ko da ni kaɗai ne a tabarmar, domin ba a rasa mai wucewa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu lafiya mai amfani. Sai wani mako in Allah ya kai mu.